Tagar da Femke Ta Buɗe

"Wa ya buɗe tagar nan?"

Femke ta sunkuyar da kai. Mahaifinta Harmen, mai sayar da yadi, ya danna yatsa a kan shafin kamar zai huda shi.

Littafin murnar dawowar Sarki ne, ranar ya fito. Sarki ya daɗe yana gudun hijira a hayin teku, ranar da ya dawo kuwa gari ya ɗinke. Ga shi nan duka a dogon shafi mai naɗewa: jiragen ruwa maƙil a mashigi, tutoci, wasan wuta, har karen da ya faɗa ruwa bai tsira ba. Kai, Joris mai zanen littafin ya iya hannu! A farantin tagulla ya sassaƙa gidajen ɗaya bayan ɗaya, bisa umarnin fada cewa a zana abin da ido ya gani. Kowa ya san dalili. Duk gidan da ya rufe tagoginsa ranar, mai shi zai bar gari.

Harmen kuwa da shi aka kori Sarkin, ya kuma rantse ba za a buɗe taga ko ɗaya a gidansa ba. Shi ya sa ya hana Joris zuwa wajen Femke, wai ɗan koren fada ne.

Amma a zanen ga tagar sama a buɗe, ga Femke a ciki.

Kafin ta amsa aka buga ƙofa. Wakilin fada ne, ya taso Joris a gaba, wani mai suna Evert na biye yana murmushin mugunta. Tun da Femke ta ƙi shi yake neman rana irin wannan.

"Ranka ya daɗe, gidan nan ruf yake ranar," in ji Evert. "Soyayya ce ta sa Joris ƙarya."

Joris ya dubi Femke a hankali. "Kada ki ji tsoro, hasken idona. Abin da na gani na zana."

Hawaye ya cika mata ido. Wannan bawan Allah, aikinsa ne a bakin wuta, amma ita yake lallashi.

"Ni na buɗe..." ta ce.

Wakili ya ɗora gilashin ƙara girma a kan zanen, ya daɗe yana dubawa.

"Ikon Allah. Duk garin nan jirgin Sarki suke kallo, ke kaɗai kike kallon gada. Wa ke kan gadar?"

"Ni ne, ranka ya daɗe," in ji Joris. "Can nake zane."

Wakili ya tuntsire da dariya. "Da maƙaryaci ne, ai da wajen Sarki ya juya mata fuska a zanen. Taga aka ce a buɗe, ba a faɗi wanda za a kalla ba. Evert, kama hanya."

Wakili da Evert suka fita. Harmen ya shafa layukan zanen, siraran kamar gashi, har da tsagar bangon gidansa.

"Ashe ba don Sarki kika buɗe ba?"

"Baba... ko hularsa ban gani ba."

Tsohon ya so ya haɗe rai, abin ya gagara. Ya juya ga Joris, wanda ke tsaye a bakin ƙofa yana murza hula.

"Kai yaro, ka daina tsaya mini a gada kamar mai kamun kifi. Gobe ka zo da iyayenka."