Gangar Ilinka

"Matso nan. Huro min iskar bakinka."

Nikanor bai matso ba. Ya tsaya a jikin rijiyar bakin hanya, kansa a sunkuye, yana ta murza hularsa kamar ita ce ta yi masa laifi.

"Ilinka, ki bari in yi miki bayani…"

"Na ce ka huro min!"

Ya huro.

Warin ya doki hancinta, gugan da ke hannunta ya suɓuce ya koma rijiya. Ta san warin nan tun tana goye. Shi yayanta Mitika ya riƙa shigowa da shi gida, har safiyar da aka tsince shi a kwalbatin bakin gona, ƙanƙara ta rufe shi zuwa wuya.

"Ka rantse min a gaban kabarin Yaya," ta ce. "Tun bazara ba ka taɓa ba. Ina ta yawo da kaina sama ina cewa Nikanor ya daina. Ashe…"

"Lazar ne ya miƙo min tulun a gona. Ya ce sabon ruwan inabi ne na matsar yau, irin wanda ko yara suna sha. Ashe ya tsiyaya giyar bara a ciki."

Lazar ɗan mai babbar gonar inabin da Nikanor ke wa ƙwadagon girbi ne, kuma babu wanda bai san ya daɗe yana neman Ilinka tana ƙi ba.

Zuciyarta ta ɗan yi sanyi. "To ai yaudararka aka yi, masoyina…"

"A'a." Ya ɗago jajayen idanunsa. "Kurɓar farko ce kaɗai yaudara. Harshena ya gane tun kafin in haɗiye. Sauran tulun ni na shanye, da sanina. Ba zan yi miki ƙarya ba, rabin raina."

Da ma ya yi mata ƙaryar, da ta fi sauƙin ɗauka.

Ta kwance jan ɗankwalin da ya saya mata, ta rataye shi a jikin rijiyar.

"Ban ce na daina son ka ba. Da zan iya, da na huta. Amma na wanke gawar mashayi sau ɗaya, ba zan wanke ta biyu ba."

Ta juya ta tafi, ko gugan ba ta ciro ba.

Kada wata ta yi saurin tsine masa. A ƙauyen nan namu na gefen kogin Prut, a nuna min ranar da ba a sha! In haihuwa aka yi, a sha. In mutuwa ce, a sha. Ka gyara wa maƙwabci katanga, tulu ne ladanka. Yaro bai iya tafiya ba kakansa zai tsoma yatsa a giya ya lasa masa, ana dariya ana cewa namiji ne. Ranar da ya fara kwana a kwata kuwa, waɗanda suka lasa masa su ne na farkon nuna shi da baki. Janyo shi daga taɓo kuma aikin mata ne.

Da labarin ya kai gida, Baba Gavril, mahaifin Ilinka, har da shafa gashin baki.

"Na faɗa miki. Ɗan mashayi ne, ubansa ma a gindin ganga ya ƙare. Ga Lazar nan, yana sha kamar namiji, yana tafiya da ƙafarsa."

"Mitika ma da ƙafarsa ya fita," in ji Gwaggo Frosa daga bakin murhu, tana tuƙa tuwon masara.

Gwaggo Frosa ƙanwar Baba Gavril ce. Ita ta riƙi Ilinka tun rasuwar uwarta, bayan ita ma ta binne mijinta Simion da ƙuruciyarsa.

"Sanyi ne ya kashe ɗana!" Baba ya buga tebur.

"To, Yaya. Sanyi."

Ta ci gaba da tuƙinta. A gidan ba a taɓa wuce nan ba.

Hunturu ya shigo. Ilinka ta rame, ta daina zuwa rijiyar bakin hanya, amma kunnenta na can. Gwaggo ce ke kawo mata labari, a daƙile, kamar dole aka yi mata.

"Wawan naki ya bar aikin inabi. Wai ko warin matsa ba ya son ji."

Wata rana kuma:

"Ya je gun likita a birni. Na kai masa tuwo da cuku, cokali ma ya gagare shi riƙewa, hannu sai karkarwa. Ya ce yana ganin ƙwari a bango. Na ce ci abincinka, ƙwarin ma yunwa suke ji."

"Gwaggo, ya tambaye ni?"

"Bai tambaya ba. Ɗankwalinki dai na ɗaure a damtsensa, ya yi dauɗa kamar tsumman murhu."

Ilinka ta kifa kai a cinyarta ta yi kuka mai isarta.

Nikanor ya koma yasar rijiyoyi. Ta taga takan hango shi da igiya a kafaɗa. In ya zo daidai kantin da maza ke taruwa, sai ya sauka daga hanya ya bi ta cikin taɓo, su kuwa suna ɗaga masa tambulan.

"Ga sarkin ruwa nan! Zo mu ɗiga maka a guga!"

Bai taɓa waiwayowa ba. Ita kuwa sai ta danne bakinta da hannu don kada ta ƙwala masa kira.

Bayan bikin Ista, inabi na fitar da sabon ganye, ya zo ƙofar gidansu da farar riga, riƙe da kitsattsen burodin neman aure. Ya murmure, idonsa ya washe. Ilinka ta fito, suka tsaya suna kallon juna.

"Huro min," ta ce a hankali.

Ya huro. Albasa kawai ta ji. Dariya da kuka suka haɗe mata.

"Zuciyata, ko albasar ma da ka rage…"

Baba Gavril ya karɓi burodin. Ya aika aka kira Lazar, wai maƙwabci ya zama shaida. Sannan ya ɗauko makulli.

"Ba a maganar aure a tsakar gida. Mu sauka."

Ilinka ta dubi makullin. Ta san abin da ke ƙasa.

Kowane gida a nan yana da ɗakin ƙasa inda ganguna suke. In an haifi 'ya mace, uba yakan cika ƙaramar ganga da giyar shekarar, ya toshe ta, ba a buɗewa sai ranar da aka zo neman aurenta. Tambulan ɗaya ake zagayawa da shi. Uba ya fara sha, ya cika wa manemi, manemi ya shanye tas. Wanda ya ƙi, ya ce 'yar gidan ba ta yi masa ba. Haka muka taras, kuma ban taɓa jin wanda ya tambayi dalili ba.

Suka sauka su biyar, har da Gwaggo. Sanyi da warin tsami suka tare su. Nikanor ya dafa bango, Ilinka ta ga maƙogwaronsa yana motsi.

Baba ya fasa toshin, ya cika, ya shanye. Ya sake cikawa ya miƙa.

"Baba, ku yi min afuwa," in ji Nikanor. "Ku ba ni ruwa, ku ba ni ko dafi ne, zan sha. Wannan kam in na taɓa, ba 'yarku zan aura ba, giyar zan aura."

Lazar ya ƙyalƙyale da dariya.

"Kawu Gavril, ku samo masa nono a kwalbar jarirai mana! Wannan ne zai riƙe gida? Tambulan ɗaya ya gagare shi. Ku miƙo nan ku ga yadda maza ke yi."

"Mun ga yadda maza ke yi a gonarku," Gwaggo ta ce. "Su zuba wa lebura giya a ruwan yara."

Dariyar ta maƙale masa.

Baba bai sauke hannunsa ba. "Da hannuna na cika gangar nan, uwarta na kwance da jego. In ka ƙi, ka ƙi 'yata a gaban shaida. Kurɓa ɗaya ba ta kisa."

"Baba, don Allah…" Ilinka ta durƙusa. "Kada ka sa in zaɓa tsakanin ransa da aurensa."

"Tashi! Ba da ke nake ba."

Nikanor ya dubi Ilinka. Sannan ya miƙa hannu biyu ya karɓi tambulan ɗin.

Giyar na rawa tana zuba a yatsunsa. Ya ɗaga ta har kusa da fuskarsa, ya lumshe ido, Ilinka ta ga yadda warin ke jan sa kamar igiya.

"Nikanor…"

Ya buɗe ido.

"Baba, kafin a sha, ai akan ɗiga wa matattu nasu a ƙasa, ko ba haka ba?"

"Haka ne," Baba ya ce a gajarce. Wannan ma al'ada ce, ba mai hana ta.

"To wannan na mahaifina ne. Giya ce ta kashe shi, ina tsaye ina kallo. Ya fi ni son ta, ya riƙe duka."

Ya karkata tambulan ɗin. Ba ɗigo ya yi ba, ya tsiyaye shi kaf, ƙasa ta shanye.



Kafin Baba ya buɗe baki, Gwaggo Frosa ta fizge tambulan ɗin, ta tara a ganga ta cika.

"Wannan na Simion ne." Muryarta ta cika ɗakin. "Yaya, ka tuna? A nan ya tsaya, inda yaron nan ke tsaye. Bai taɓa sha ba, ya ce cikinsa ba ya so. Wa ya riƙe masa ƙeya ana dariya? Wa ya ce kurɓa ɗaya ba ta kisa? Kai ne! Na yi aure da mutum, na binne kumburarren ciki da rawayan ido. Tun ranar nake dafa maka tuwo, kuma ko sau ɗaya ba ka ce min sannu ba!"

Ta watsar da ita a gaban takalminsa.

Ilinka ta miƙe. Ta karɓi tambulan ɗin ta cika. Ba ta zubar ba. Ta miƙa wa mahaifinta.

"Gangata ce, Baba, ni ke bayarwa. Wannan na Yaya Mitika ne. In sanyi ne ya kashe shi, ka shanye, ni kuma in auri wanda ka zaɓa, ba zan ƙara magana ba. In ba sanyi ba ne, ka ba shi nasa."

Tsohon ya riƙe tambulan ɗin. Ya daɗe yana kallon giyar.

"Ni na cika masa na ƙarshe," ya ce da ƙyar. "Ya ce ya isa, Baba, zan je in duba tumaki. Na ce ɗana ba rago ba ne… na cika masa."

Hannunsa ya karkata. Giyar ta zuba a hankali, kafaɗunsa na girgiza, wani irin kuka ya ƙwace masa wanda ko a maƙabarta bai yi ba.

Lazar ya haura matakala, babu wanda ya ce masa sai an jima.

Da Baba ya samu numfashi, ƙanwarsa ya fara juyawa gare ta.

"Frosa… ki yafe min."

"Ban shirya ba," ta ce, tana share ido da gefen zane. "Amma na ji. Ka maimaita gobe."

Ya gyaɗa kai. Ya dubi Nikanor.

"Kai mai yasar rijiya. Tamu ta tsakar gida, ruwanta na shayuwa?"

"Yana shayuwa, Baba."

"To mu hau."

A bakin rijiya Baba ya ɗauraye tambulan ɗin da kansa, ya cika da ruwa, ya sha, ya sake cikawa ya miƙa. Nikanor ya shanye tas, ya kife shi. Sannan ya kwance jan ɗankwalin daga damtsensa ya miƙa wa Ilinka.

"Ba zan ce miki na warke ba, hasken idona. Ko yanzu maƙogwarona na kiran ta."

"Na sani," ta ce, tana ɗaura shi da dauɗarsa. "Kullum za ka huro min."

"Har mu tsufa?"

"Har haƙoranka su zube."

An yi bikin da kaka. Mutane sun sha, ba zan ce ba su sha ba, ƙauye ba ya sauyawa don mutum ɗaya. Wasu har yau suna cewa auren ruwa ba aure ba ne. Su faɗa. Ango dai ya kai amaryarsa gida da ƙafarsa, ya kuma gane ƙofar.

Da Ilinka ta haifi 'yarta ta fari, Baba Gavril ya fito da ƙaramar gangar nan, maƙwabta suka taru suna jiran ya cika ta. Ya fasa mata gindi, ya cika ta da ƙasa, ya dasa inabi a ciki.

"Na ci ne," ya ce. "Ba na matsa ba."

Daga bakin murhu Gwaggo Frosa ta ɗago kai.

"Yaya, yau ba ka faɗa ba."

"Ki yafe min, Frosa."

"To," ta ce. "Zo ka ci tuwo."