Ba a Zama a Mota

Tun kafin bas ɗin ta gama shan kwana Asid ta gane inda aka nufa. Ba allo ta karanta ba. Hancinta ne ya gaya mata.

Ta ɗago ta dubi Sakatare na ƙungiyarsu ta malamai, wanda ke tsaye a bakin ƙofa cikin farar shadda da ba ta taɓa sanin wahala ba. Ya sakar mata murmushin da ya kwana yana shiryawa.

"An ɗan samu canji, Malama," in ji shi. "Motar tashar hasken rana ta cika. Mu matatar ruwan ƙazanta za mu. Na san ke ba za ki damu ba... ai kin san hanya."

A gefenta, Gwaggo ta daina jan carbi.

Asid ba sunan yanka ba ne. Ɗalibanta ne suka laƙaba mata, rabi don tana koyar da ilimin sinadarai, rabi don abin da bakinta ke yi wa wanda bai yi aikin gida ba. Gwaggo kuwa yayar mahaifinta ce, ita ta riƙe ta tun tana ƙarama, kuma ba ta kiran ta da komai sai Uwata, don sunan mahaifiyar Gwaggon aka sa mata. Tsohuwar shugabar makaranta ce, yanzu uwar ƙungiyar malaman kimiyya. Ta yi ritaya daga aiki, amma ba ta yi ritaya daga ba da umarni ba.

Taron ƙungiyar na bana a harabar kwaleji ake yin sa. An kwashe kwanaki ana jawabai kan muhimmancin fitar da ɗalibi daga aji ya ga abu da idonsa, duk a cikin zaure mai rufaffun tagogi. Yau ce ranar ziyarar gani da ido. An raba malamai motoci, wasu tashar hasashen yanayi, wasu gidan adana iri. Asid ta zaɓar musu tashar hasken rana ita da Gwaggo, don a can babu abin da zai ta da zance.

Zancen kuwa shi ne Injiniya.

Bara Asid ta san shi, lokacin da ta kai ɗalibanta matatar. Yaran suka toshe hanci, ita ta tsaya tana tambaya, shi kuma ya riƙa amsawa kamar wanda aka daɗe ba a tambaye shi komai ba. Daga tambayar tankuna aka koma tambayar lafiya. Da ta kai maganar gida, Gwaggo ta fara murna da jin injiniyan ruwa ne, har ta tambayi wane irin ruwa. Da ta ji amsa sai ta ajiye kofin da ke hannunta. Ta ce ba ta yi wahalar karatun Uwata don ta ƙare a gidan mai kwasar abin da mutane suka zubar ba. Ta ce ko gaisuwa kada ya zo, ta rantse idonta ba zai gan shi ba.

Sakatare kuwa idonta ya gan shi har ya gaji. Duk mako yana gidan, da turare a jiki da turare a leda, don shi ma Asid yake nema. Da ya je matatar shirya ziyara an roƙe shi ya kawo baƙi da yamma, don da safe ake aikin datti. Shi ya sa ya kawo su da safe. Ya yi lissafin cewa abin da Gwaggo ta ƙi da kunne, in ta gan shi da ido, an binne maganar ke nan.

Bas ta tsaya a cikin ƙofa. Direba ya buɗe, iskar wurin ta shigo ta gaida kowa.

Malaman da suka shekara suna koya wa yara cewa wari ba komai ba ne illa ƙananan ƙwayoyi a cikin iska, suka rufe hanci da mayafi da hula da takardar jawabin shugaba. Suka sauka ɗaya bayan ɗaya kamar masu zuwa gaisuwar mutuwa. Sakatare ya sunkuyo wajen Gwaggo da ladabi, ya ce Hajiya ba sai ta wahalar da ƙafarta ba, daga taga ma ana ganin komai. Ya nuna mata da yatsa, don kada ta yi kuskuren kallon wani wuri.

Gwaggo ta gyara zama. Ta kafe idonta a bayan kujerar direba.

Asid ta miƙe, ta rataya jaka, ta tsaya a kanta.

"Gwaggo."

"Je ki. Ina nan."

"Ba a zama a mota."

Duk wanda ya taɓa zama ɗalibin Gwaggo ya san wannan doka. Ita ta kafa ta, kuma ba ta taɓa ɗaga wa kowa ƙafa ba, ko mai ciwon kai, ko 'yar mai unguwa, ko malami. Asid kanta tana aji huɗu Gwaggo ta finciko ta daga mota a ƙofar mayanka, tana kuka tana shure-shure, ta tsayar da ita gaban zuciyar saniya har sai da ta nuna ɗakunanta. Ranar Gwaggo ta ce wanda ya zauna a mota bai zo ba, kuma wanda bai zo ba ba shi da bakin magana.

Yanzu ga rantsuwa a hannun dama, ga doka a hannun hagu. Rantsuwar ba ta fi shekara ba. Dokar ta girmi Asid.

Gwaggo ta harare ta, harara mai tsawo. Sannan ta laluba jaka ta ciro usur ɗinta, ta rataya a wuya, ta sauka.

Ba nisa. Inda babban bututu ke shigowa akwai wani kwalbati mai faɗi da ragar ƙarfe a tsaye, mai tare tarkace kafin ruwa ya wuce tankuna. Ragar ta toshe, ruwan ya taru ya yi baƙi yana neman ambaliya. A tsakiyarsa, cikin takalmin roba mai kaiwa ƙirji, wani dogon mutum yana jan manjagara yana zuba abin da ya kwaso a baro.

Injiniya ne. Ya ɗago. Ya ga malamai cike da fili. Ya ga Asid cikin leshi ruwan toka da ya sani. Ya ga tsohuwar da ke gefenta, mai usur, wadda bai taɓa gani ba amma ya san ta kamar yunwar cikinsa.

Asid ta ga lokacin da ya yanke shawara. Ya kawar da ido daga kanta, ya yi wa taron sannu da zuwa gaba ɗaya, ya ba da haƙuri cewa da yamma aka sa ran su. Muryar baƙo ya yi. Ƙofa ce ya buɗe mata: ta tsaya cikin jama'a, ta toshe hanci kamar kowa, babu wanda zai ce ta san shi.

Abin ya ba ta haushi fiye da duk makircin Sakatare.

Ta ratsa mutane. Takalminta mai tsini ya nutse a laka, ta zare ƙafa ta ci gaba. Ta tsaya a bakin kwalbatin, inda warin ke da nauyin da za a iya jingina da shi.

"Nawa," ta ce, da muryar da take kaiwa bencin baya, "ka karya kuwa?"

Wani malamin lissafi ya yi tari. Wata ta ce innalillahi a hankali, cikin mayafi.

"Malamata..." ya ce ƙasa-ƙasa. "Ki koma baya. Kayanki."

"Na tambaye ka."

Ya ce bai karya ba. Ta ce ta sani, haka yake kullum, sai ya faɗi wata rana a cikin wannan abin a rasa mai tsamo shi. Ta ɗauki safar hannu da ke rataye a jikin ƙarfe, ta zura, ta kama baron ta matso masa da shi. Ruwan ya fantsalo wa leshin. Ba ta duba ba.

Sai da ya juye manjagara ta biyu ta lura da abin da ke ciki. Ƙananan fararen ƙyallaye ne, ɗaruruwa, sun nannaɗe juna kamar igiya. Ta ciro ɗaya ta warware. A kusurwarsa akwai koren tambari, bai ko goge ba.

Tambarin ƙungiya ne.

A ranar buɗe taro kowane malami ya samu jaka, a cikinta har da fakitin ƙyallen goge hannu mai ƙamshi. Dabarar Sakatare ce, ya yi jawabi a kanta, ya ce alama ce ta tsabtar malamin kimiyya. Gwaggo da kanta ta jagoranci tafi.

Asid ta tambayi Injiniya tun yaushe ragar ke toshewa. Ya yi kamar bai ji ba. Ta sake tambaya. Ya ce tun ranar da aka fara taro, don bututun ɗakunan kwanan kwaleji nan yake zuwa, ƙyallen kuma ba ya narkewa.

Ta ɗaga shi sama da yatsu biyu, ta juya da shi a hankali yadda take nuna wa aji sakamakon gwaji. Malamai suka shiga sha'awar kallon sararin sama.

Gwaggo ce ta tako. Ba ta toshe hanci ba, don ba ta taɓa yi a gaban ɗalibai ba, kuma a wurinta duk wanda ke filin ɗalibi ne. Ta dubi ƙyallen, ta dubi mutumin da ta rantse ba za ta gani ba. Ta fara yi masa tambayoyi irin na jarrabawar baka. Ina leburorinsa? Ya ce tun asuba suke ciki, ya tura su su ci abinci. Me ya sa bai aika wa taron ƙorafi ba?

"Hajiya, malamai ne," ya ce. "Su ke gaya wa mutane abu. Ban san ta inda ake gaya musu ba."

Gefen bakin Gwaggo ya motsa. Ta hana shi.

"Ba ka jin warin ne, samari?"

"Ina ji. Duk wanda ya ce miki ya saba, ƙarya yake."

Ta tambaye shi to me ya zaunar da shi. Ya nuna can ƙarshen fili da haɓa, inda ruwa ke fita fari yana gangarawa rafi. Ya ce akwai masu wanki da masu lambu a ƙasa, kuma gara warin ya tsaya a kansa.

Gwaggo ta ce hmm. A bakinta wannan yana iya zama komai, daga yabo har kora.

Asid ta cire safar, ta fuskance ta.

"Gwaggo, kin gan shi. An kawo ki ne ki gan shi a ranar da ya fi muni, kuma kin gani. Ba shi da wata rana da ta fi wannan. Shi nake so. Ba zan aure shi a bayan idonki ba... ba kuma zan auri wani a gaban idonki ba. In zama ne, mu zauna, ni da ke, mu tsufa tare a gidan nan, mu ga wadda za ta fara gajiya."

"Ni kike gaya wa haka, Uwata? A gaban mutane?"

"Ke kika koya mini magana a gaban aji."

Gwaggo ta sa usur a baki ta busa, malamai masu furfura suka tsinci kansu a layi ba tare da sun san lokacin da suka shiga ba. Ta bi su tana ƙirga kawuna, yadda ta saba. Ta zo ƙarshe ta tsaya. Ta sake ƙirgawa.

Saura ɗaya.

Duk aka juya. A cikin bas, bayan rufaffiyar taga, Sakatare na zaune a kujerar Gwaggo, inda kallo ya fi kyau. Yana goge wuyansa da farin ƙyalle mai koren tambari.

Da ya ga ana kallon sa ya zuge gilashi kaɗan, ya ce mura ce ke damun sa. Gwaggo ta dube shi yadda take duban takardar da ba a rubuta suna a kanta ba. Ba ta yi faɗa ba. Waɗanda suka san ta suka tausaya masa.

Sai da aka zaga matatar kaf, tanki bayan tanki, Gwaggo a gaba. Injiniya ya yi wanka ya sa farar riga ya biyo su yana bayani, amma ya makara, kowa ya riga ya san shi.

A hanyar komawa kujerun da ke kewaye da Asid suka zama babu kowa. Leshin ya tashi daga aiki, takalmin ma haka. Ta zauna ita kaɗai tana kallon titi. Ta faɗi abin da za ta faɗa, ba ta da sauran harsashi.

Gwaggo ta shigo a ƙarshe. Sakatare ya miƙe da sauri yana kakkaɓe mata kujerar gaba. Ta wuce shi kamar turken lantarki. Ta zo ta zauna a gefen Asid, ta miƙa hannu ta buɗe taga har ƙarshe.

Aka yi tafiya mai nisa.

"Uwata."

"Na'am, Gwaggo."

"Kina wari."

"Na sani."

Gwaggo ta ciro carbinta, ta ja ɗaya, ta ja biyu.

"Ki ce masa ya turo manyansa. Kuma in zai zo gaishe ni, ya yi wanka sau biyu."

Asid ta juya fuska wajen taga don kada a ga idonta. "Sau uku yake yi."

"To kada ya rage."

Bayan hutun ƙarshen zango aka ɗaura aure. Sakatare ya aiko da uzuri, murar ba ta sake shi ba. Ƙungiya kuma ta daina raba ƙyalle, ba tare da an yi jawabi a kai ba.

Har yau in baƙi suka tambayi Gwaggo aikin surukinta, takan ce injiniyan ruwa ne. Akan samu mai tsautsayin da zai tambayi wane irin ruwa. Sai ta dube shi ta saman tabarau.

"Naku," take cewa.