Wanda Ya Kwance wa Inji Linzami

Ba inji ne ya kashe Dogo ba, mutum ne. Inji ba shi da ƙeta, abin da aka rubuta masa shi yake bi. Wanda ya taɓa masa umarni don neman abin dariya kuwa ya yi kisa, ko da ya fi kowa kuka a kan gawa.

Sufeton 'yan sanda ya iso masana'antar bayan an ɗauke gawar. Injin sassaƙa ƙarfe ne mai kwamfuta, gilashin ƙofarsa a tarwatse. Dunƙulen ƙarfen da ake sassaƙawa ne ya kuɓuce daga haƙoran da ke riƙe da shi, ya fasa gilashi, ya sami Dogo, mai aiki da injin, a ƙirji. Ma'aikata suka ce kafin nan injin ya yi ta ƙara gudu, yana kuwwa kamar jirgi zai tashi.

Manaja ya tarbe shi da saurin baki. "Yallaɓai, sakacin mai gyara ne. Ku tafi da shi kawai."

"Ashe har ka yi mini aikina," in ji Sufeto. "Me ke sa inji irin wannan gudu?"

"Ko wayar na'urar auna gudu ta tsinke, ko akwatin wuta ya lalace, ko a taɓa umarnin kwamfuta. Amma umarni ba ya taɓuwa sai da makulli, makulli kuwa ba ya barin aljihuna."

"Fito da shi."

Manaja ya laluba aljihun dama, ya koma na hagu. Sufeto ya nuna masa ƙusa a bango. Ga makullin nan a rataye tare da tsumman goge hannu, inda kowa zai iya ɗauka.

Aka kawo mai gyara, kofur na riƙe da wuyan rigarsa.

"Yaushe rabonka da injin nan?"

"An jima, ranka ya daɗe. Ko kusa da shi ban je ba."

Sufeto ya leƙa bayan injin. "To wannan sabuwar wayar, aljanu ne suka ɗaura ta?"

"Ni ne, jiya. Tsoro ne ya sa na musa. Amma a gwada ta, in ba lafiya ba ku ɗaure ni."

Aka gwada waya, lafiya lau. Aka buɗe akwatin wuta, babu ko ƙaurin ƙuna. Saura allon kwamfuta. Mai gyara ya bi umarnin layi-layi, sai yatsansa ya tsaya.

"Yallaɓai, an goge layin iyakar gudu. Injin nan, duk sanda wuƙarsa ta doshi tsakiyar ƙarfe sai ya ƙara juyi, don yanka ya tafi daidai. Layin nan ne linzaminsa. In babu shi, babu inda zai tsaya, har haƙora su saki abin da suka riƙe."

"Da safe akwai layin?"

"Da shi Dogo ya yi aiki har aka tashi cin abinci."

Sufeto bai ce a saki mai gyara ba. Ya juya yana duban fuskokin ma'aikata ɗaya bayan ɗaya.

Sai wani ya matso yana sharɓar hawaye. Ɗan Raha ake ce masa, ƙanen matar Dogo ne, shi ke aiki a injin da ke gefe.

"Yallaɓai, kada mai gyara ya ruɗe ka da surutu. Injin ne ya haukace, ga shi ma na ɗauka a waya."

Sufeto ya kalli bidiyon, ya mayar da shi farko, ya kara a kunne.

"Yaya kuke da marigayi?"

"Mijin yayata ne, abokin wasana. Kullum ina tsokanarsa, matsoraci ne, ko ɓera ya gifta sai ya yi tsalle."

"Da aka tafi cin abinci kana ina?"

"Tare muka fita."

"Ƙarya ne," in ji wani daga baya. "Sai da muka kusa gamawa ka zo."

Sufeto ya ɗaga wayar. "Bidiyon nan ya fara inji na tafiya lafiya. Me ka hango da ka fara ɗauka? Me ya sa fuskar Dogo ka saita, ba injin ba? Me ya sa ka laɓe a bayan ginshiƙi? Kuma wannan dariyar da ake dannewa, ta wace ce?"

Ɗan Raha ya durƙusa a gaban Sufeto.

"Wallahi wasa nake. Na ɗauka in ya ji kuwwar zai zura da gudu, mu yi dariya. Ban san zai tsaya neman danna maɓallin kashe injin ba."

"Ya tsaya ne don kada ƙarfen ya sami waninsa. Shi ne matsoracin naka. Kofur, saki mai gyara, kawo ankwa nan."

A bakin ƙofa suka tarar da matar Dogo zaune a ƙasa, takalman aikin mijinta a cinyarta.

"Yaya, ki yafe mini," in ji Ɗan Raha.

Ba ta ɗago kai ba.

An kori manaja saboda makullin. Ɗan Raha kuwa, kotu ta ɗaure shi shekara goma.