Sawu Ɗaya a Fadamar Dingyaɗi

Rana ta kusa faɗuwa Inna ta aike ni fadama in kira yayana Sama'ila.

"Maniru, tahi ka taho da shi. Kuma ban da wanga surutun naka na boko, ka tsai da shi hanya."

Surutun nawa ɗaya ne, binciken da na gama a jami'a. Idan aka matse ƙwayoyin zarra cikin siririn layi, aka sanyaya su har ƙarshen sanyi, kowace sai ta rasa kanta, dubbai su koma abu guda. Zafi kaɗai ke raba su.

Lokacin cirar albasa ne, bazara na gasa mutane. Amma ina shiga fadama sai kwaɗi suka yi tsit. Warin albasa ya ɗauke. Hucin bakina ya fara fita fari.

Sai na hango su. Dogon layi a kan kunyar da ta ratsa gonaki, mutane marasa inuwa. Ƙafa ɗaya suke ɗagawa, numfashi ɗaya suke ja. Na ƙarshensu Sama'ila ne.

"Yaya," na ce a hankali. "Inna na kira."

Bai waiwayo ba.

Kowane ɗan Dingyaɗi ya san ba a taka sawun wani a kan kunya da almuru. Amma kunyar siririya ce, kuma suna ta yin nisa da shi. Na hau.

Ƙafata ta daina jin maganata. Ta ɗaga tare da tasu.

Sanyi ya kai ƙirji. Tsoro ya tafi, kuma wannan ya fi komai muni. Na nemi sunana, na rasa.

Muka zo daidai injin ban-ruwan Sama'ila. Injin bai daɗe da mutuwa ba.

Zafi.

Na dafa salansar, bututun hayaƙin injin, da tafin hannuna.

Na yi ƙara, na ce, "A'uzu billahi!" Na cafki wuyan rigarsa, muka faɗa cikin laka.

Layin ya tsaya cak. Kawuna suka juyo, duka a tare.

Muka ruga.

Sama'ila ya dawo, amma ba shi kaɗai ba, ni ma haka. Tare muke ƙifta ido, tare muke kai hannu akushi. Inna ta kasa jurewa, ta tura shi wurin kawu a Dandin Mahe.

Jiya da yamma ina tsaye a tashar Boɗinga ƙafata ta ɗaga da kanta, ta fuskanci fadama. Na kira kawu a waya, na tambaye shi Sama'ila.

"Yanzu yaf fita," ya ce. "Ko takalmi bai sa ba."