Dutsen Taimamar Ƙulu

Yammar da abin ya fara ba ta da wata alama. An yi ruwa da la'asar, irin ruwan Libreville mai zuwa ba sallama, ya ɗauke ya bar unguwar Lalala tana tururi. Maitama ya rufe kantinsa na atamfa da kwanuka, ya dawo gida, ya yi alwala, ya zauna a kan buzu yana jiran kiran magariba. Matarsa Ƙulu tana kicin. 'Yarsu tilo, Jamilatu, tana bakin ƙofa tana tsince shinkafa tana 'yar waƙarta ta makaranta.

Sai dutse ya faɗo a kan kwanon rufin gidan.

Maitama ya ja tsaki, ya ɗauka yaran maƙwabta ne. Wani ya sake faɗowa, wani ya biyo shi, a hankali, babu gaggawa. Ya zura takalmi ya leƙa waje. Layin shiru, ko kare babu. Da ya dawo ya tarar ɗaya ya gangaro tsakar gida, ya sunkuya ya ɗauka. Baƙi ne, sumul, mai sanyi, ga gansakuka a jikinsa, ruwa na ɗiga. Duk Lalala jar marmara ce, ba a samun irinsa. Amma shi ya san inda ake samu.

Maitama mutumin arewacin Kano ne, daga ƙauyen da sai hannu ya yi kanta kafin guga ya taɓo ruwa. Ya zo Gabon lokacin da man fetur ya buɗe wa ƙasar ƙofa, ko'ina gini, ko'ina ciniki, har shi ma ya sayi 'yar fijo mai buɗaɗɗen baya. Wasu da suka samu irin nasa sai suka ƙara aure ko suka tafi Makka. Shi kuwa abin da ya kama shi daban ne. Ranar da ya fara ganin mafaɗar ruwa, kogi guda yana zubowa daga kan dutse dare da rana babu mai tara, tsayawa ya yi yana hawaye. Tun daga nan kowace Lahadi sai ya ɗauki hanyar garin Kango, ya ajiye mota a wani ƙauye, ya shiga daji da ƙafa yana neman wata sabuwa. 'Yan kasuwa har tsokanarsa suke, wai Maitama ya je gaida surukansa na ruwa.

Ba ya tafiya shi kaɗai. Jamilatu ce abokiyar tafiyarsa tun tana ƙarama yana saɓa ta a kafaɗa, har ta zama budurwa tana riga shi hawa tudu. Ita ke yi masa tafinta da mutanen ƙauye da Faransancinta na makaranta, ita ke fara jin ƙugin ruwa daga nesa ta ce, “Baba, tsaya, saurara.” Duk duniya ba shi da abin da ya kai yarinyar nan, kuma bai taɓa ɓoyewa ba.

A tafiyarsu ta ƙarshe wani tsohon maharbi ya raka su wata mafaɗa can cikin duwatsu, bayan doguwar tafiya cikin laka da saiwoyi. Ƙarama ce, ruwan yana saukowa siriri cikin wani tafki mai duhu. Tsohon ya tsaya nesa, ya ce ta bakin Jamilatu a kalla da ido, kada a ɗauki komai. Maitama ya ji sarai. Sai dai a lokacin hannuwan Ƙulu sun yi wani ciwo, likita ya hana ruwa taɓa su, taimama take yi. A garin da ƙasa ba ta bushewa, samun wuri mai tsarki na dafawa wahala ne. Ga dutse nan a ƙarƙashin ruwan, faffaɗa, sumul, daidai tafin hannu biyu. Ya ce a ransa Musulmi ba ya tsoron dutse, balle don sallah zai ɗauka. Ya sa a jaka. Ƙulu ta yi murna, ta ga yana ta tsatstsafar da ruwa ya ƙi bushewa, ta jingina shi kusa da murhun gawayi har ya bushe ƙarau.

Jifan bai tsaya a yammar farko ba. Da zarar rana ta sunkuya sai ya fara, ba ya dainawa sai an yi isha'i. Daga baya aka soma jin ƙarar zubar ruwa a cikin ɗaki alhali famfo a rufe yake, a ƙarƙashin ƙarar kuma muryar mace tana rarrashin yaro da wani harshe da ba su sani ba. Maƙwabta suka rage shigowa. Ƙulu ta daina cin abinci sai jan carbi.

Sannan abin ya koma kan Jamilatu. Ta daina waƙa, ta daina zuwa makaranta. Gashinta kullum a jiƙe, a goge ya sake jiƙewa. Wata magariba Maitama ya neme ta ya rasa, sai ya same ta zaune cikin duron da suke tarar ruwan sama, ruwa har wuya, ta rungume dutsen taimamar a ƙirji tana jijjiga shi.

“Jamila, fito mana, sanyi zai kama ki.”

Ta ɗago ta dube shi. Idon nata ne, amma mai kallon ba ita ba ce.

A asibiti aka auna, aka ce lafiyarta ƙalau. Yarinya kuwa tana ta ramewa a gaban idonsa. Nan ya ajiye girman kai ya hau tasi zuwa unguwar Glass, wurin Malam Aliou, wani dattijo mutumin garin Garwa da ke limanci a ƙaramin masallacin 'yan kasuwa. Malamin ya saurare shi har ƙarshe bai katse shi ba, ya ɗauki sandarsa ya ce su tafi.

Suka yi magariba tare a tsakar gida, duwatsu na sauka a kan kwano. Da suka sallame, malam ya sa aka kwantar da Jamilatu a tabarma, Ƙulu ta riƙe mata kai. Ya juyo ga Maitama.

“Abu ɗaya zan roƙe ka. Duk abin da za ka ji, kada ka amsa. Ni zan yi magana da ita.”

“To, Allah gafarta Malam.”

Malam ya fara karatu, ba da ƙarfi ba. Ya yi Ayatul Kursiyyu, ya yi Falaƙi da Nasi, ya maimaita, yana tofawa a hankali. Jifan ya tsaya. Shirun da ya biyo baya ya fi jifan nauyi. Can yarinyar ta miƙe zaune, bakinta ya buɗe, muryar wata babbar mace ta fito, a dishe, irin ta wanda ya gaji da kuka.

“Ya isa, malam. Ina jin ka.”

“Wace ce ke, baiwar Allah?”

“Ni ce mai gidan da aka shiga ba sallama.”

“Me yarinyar nan ta yi miki?”

“Ba ta yi min komai ba. Ubanta ya yi. Ɗana yana barci cikin dutsen nan, bai ma fara tafiya ba. Ruwan nan da ke zuba a kansa shi ne numfashinsa. Na dawo na tarar babu shi. Na bi sawun mota har garin nan, ina tambaya gida gida. Ko da na iso an gasa shi a gefen gawayi.” Muryar ta tsaya, ta ci gaba. “Kuma kowace sallah matar nan sai ta shafa hannunta a kan gawar ɗana ta shafa a fuska.”

Ƙulu ta saki wani irin kuka marar sauti. Maitama ya zame ya zauna a ƙasa. Ba tsoro ne ya kama shi ba a lokacin, kunya ce da baƙin ciki.

Malam Aliou ya sunkuyar da kai. Sannan ya yi wa mai muryar ta'aziyya kamar yadda ake yi wa kowace uwa, ya ce Allah ya ba ta haƙuri. Ya ce kuskure ne ba ganganci ba, mutumin nan bai san da rai a cikin dutse ba. Ya ce za a mayar mata da shi inda aka ɗauko cikin mutunci, amma kama wadda ba ta ji ba ta gani ba zalunci ne, a wurin mutum da aljan duka.

“Za a mayar, wannan dole ne,” in ji muryar. “Ni kuma in koma hannu wofi? Da wannan zan tafi. Tana son ruwa, na gan ta.”

“Ba za ki tafi da ita ba.”

Malam ya koma karatu, wannan karon da ƙarfi. Jikin Jamilatu ya fara murɗewa, ƙafafunta na dukan tabarma, jini ya ɓalle daga hancinta.

“Ƙona ni, malam, ai na riga na ƙone. Amma tare za mu tafi.”

Numfashin yarinyar ya fara sarƙewa, leɓɓanta suka yi baƙi. Maitama ya manta da alkawarin da ya yi.

“Ki ɗauke ni. Ni na yi laifin, ki bar ta.”

Kan yarinyar ya juyo gare shi a hankali.

“In yi me da kai? Ba ranka nake so ba. So nake ka san yadda ake kiran ɗa ya ƙi amsawa. Zan bar maka ita da ranta da hankalinta. Saninka kaɗai zan cire daga zuciyarta in tafi da shi.”

“Maitama, yi shiru,” in ji malam, “saura kaɗan, kada ka—”

“Na yarda.”

Jamilatu ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sake yi, ruwa ya kwararo daga gashinta ya jiƙa tabarmar. Ta faɗa jikin uwarta, numfashinta ya daidaita, barci ya ɗauke ta. Malam ya rufe ido. Da zai tafi ya dafa kafaɗar Maitama ya ce aljanu suna yawan ƙarya, ya sa rai ga Allah. Amma bai dubi idonsa ba da yake faɗa.

Da asuba, Jamilatu tana barci, Maitama ya yanko farin alawayyo daga kayan kantinsa ya naɗe dutsen. Ya kama hanyar Kango shi kaɗai. Ya bi lakar da saiwoyin yana rungume da shi, babu mai ce masa ya tsaya ya saurara. A bakin tafkin ya yi sallama, ya shiga ruwa har gwiwa, ya ajiye shi a gurbinsa. Ya nemi gafara da Hausa, don ba shi da wani harshen da zai nema da shi. Ruwan ya ci gaba da zuba.

Bai iso Lalala ba sai dab da magariba, kayansa duk laka. Babu jifa. Tun daga waje ya jiyo muryar Jamilatu tana dariya da uwarta, dariyarta ta da, zuciyarsa ta cika har ya tsaya ya share ido. Ya yi sallama.

Ita ta taso ta amsa. Ta leƙo da fara'arta, ta gan shi, ta yi maza ta jawo mayafi ta rufe kai, ta durƙusa.

“Sannu da zuwa, Malam. Wa za a ce?”

Ya buɗe baki, ya kira sunanta. Ta ɗan ja baya, ta waiga cikin gida.

“Umma, ga wani baƙo nan, ya san sunana.”