Hoton Ƙashin Tsohuwa

Ku matso, ku rage murya. Ke Ladidi, sauke ƙafarki daga kan tabarmata. Labarin Uwani zan ba ku, wadda ta yi aiki a wani babban asibiti, a sashen da ake ɗaukar hoton ƙashi da maganin nukiliya.

Ga yadda aikin yake. Ana yi wa mutum allurar wani magani mai fitar da haske, irin hasken da ido ba ya gani. Sai ya kwanta, na'ura ta bi jikinsa sannu a hankali daga kai zuwa ƙafa, ƙasusuwansa suna fitowa a allon kwamfuta. Akwai kuma 'yar mita a kan tebur, wadda in ta ji hasken sai ta kama kuka kamar gyare. Dokar wurin ɗaya ce: ba a aiki mutum ɗaya, sai biyu, wannan yana duba hannun wancan.

Abokiyar aikin Uwani ita ce Saude. A lokacin ana wani bincike kan ciwon ƙashi, kuma Farfesa, shugaban sashen, ya ce wadda hotunanta suka fi kyau ita za a tura ƙarin karatu ƙasar waje. To, Saude Allah ya yi mata hannu. Kullum sai Farfesa ya tsaya a bayanta ya ce, "Madalla, Saude." Uwani ta yi murmushin yaƙe. Ta riga Saude zuwa wurin, ita ta koya mata riƙe sirinji. Hassada ce tsagwaronta, ba sai an saka mata wani suna ba.

Wata Juma'a da tsakar rana, maza sun tafi masallaci, Saude ta fita cin abinci. Uwani ta ƙi fita. Tana zaune ita kaɗai tana kallon hotunan Saude tana cizon leɓe.

Mita ta yi ƙyat.

Ta ɗaga kai. Wata tsohuwa ce a bakin ƙofa, 'yar ƙarama, zaninta yana jan ƙasa. Ba ta yi sallama ba.

"Sannu, Iya. Wa kike nema?"

"Ke."

"An yi miki allura ne?"

"Ba na bukata, 'yata."

Muryar kamar daga cikin randa take fitowa. Tsohuwa ta tako, mita ta ƙara kuka. Takunta kuma ba na silifa ba ne. Ƙwas, ƙwas.

"Yarinyar nan ta sha gabanki," in ji tsohuwa. "Ke da kika raine ta."

Da Uwani ta yi a'uzubillahi a nan, da shi ke nan. Amma maganar ta sosa mata inda yake mata ƙaiƙayi. Ta ce, "Wallahi kuwa, Iya."

"Ɗauki hoton ƙashina. Babu mai irinsa."

Tsohuwa ta hau gado. Uwani ta kalli ƙofa, ta tuna doka, ta kuma tuna "Madalla, Saude." Ta tura ƙofa ta rufe, ta kunna na'ura.

Ƙoƙon kai ya fito tangaran. Haƙarƙari ya biyo baya, kowanne kamar an zana shi da alƙalami. Tunda take ba ta taɓa ganin hoto mai tsabta haka ba, har zuciyarta ta yi sanyi. Ƙugu ya fito. Gwiwa ta fito. Ɗakin ya yi tsit, mita ma ta daina kuka. Na'ura ta gangara ƙasa.

Babu yatsu. Kofato ne, irin na jaki.

Ta juyo a hankali. Gado babu kowa, sai zanin gadon da ya lotsa. A bayan kunnenta aka ce, "Na bar miki. Ki riƙe."

Kun zaci gudu ta yi? Ina! Sai ta yanke ƙafafun daga hoton, ta ajiye sauran. Ranar Litinin Farfesa ya gani, ya cire tabarau ya mayar. "Madalla, Uwani!" Saude ma ta taya ta murna da zuciya ɗaya, wannan kuwa ya fi komai ƙona mata rai.

Sai aka shigo da mai jinya na gaba, wani ƙaton mahauci. Farfesa ya tsaya a bayan Uwani don ya ga gwaninta. Ta danna. Ƙaramin ƙoƙon kai ya fito. 'Yan siraran haƙarƙari. Uwani ta kai hannu za ta kashe, Farfesa ya ce, "Bar shi ya sauka."

Ya sauka har ƙasa.

Aka sa Saude ta sake ɗauka, sai ga ƙashin mahauci lafiya lau. Aka gwada Uwani da wani, aka gwada ta da wata. Duk wanda ya kwanta a hannunta, tsohuwar ce take fitowa, da kofatonta.

Saude ce ta hau jirgi. Uwani kuwa aka mayar da ita ɗakin ajiye kaya, kuma har yau in ta gifta ta ƙofar sashen, mita tana yin ƙyat.

Don haka in an ce aiki na mutum biyu ne, kada ku rufe ƙofa ku kaɗai. Ladidi, jeki ɗauko min ruwa a tsakar gida. A'a, tsaya. Ku tafi tare.