Sama Ba Kowa

Kwana tara ke nan abu ɗaya yana cin Torunn a rai: tun da aka maƙala na'urar ɗumama gida a bangon falo, jikin 'yarta Sunniva bai ƙara yin ɗumi ba.

Gidan katako ne na kakanninta, ya haura shekara ɗari. Mijinta Eilif ne ya ce ya gaji da faskare. Shi ya zaga da mai haɗa na'ura aka auna ɗakuna, ya dawo ya ce guda ɗaya ta isa, a kan kroner dubu ashirin da biyu, kuɗin ƙasar. Tsohon murhun ƙarfe kuwa, wai an kai gyara.

Ranar Laraba, ƙarfe biyu na rana, duhun hunturu ya riga ya rufe gari, don a can ƙuryar arewacin duniya rana takan yi makonni ba ta fito ba. Na'urar tana hura iskarta, sai ta yi tsit. Gawayi ya faɗo tsakar falo. Wani ya bugi taga. A gidan da aka daina hura wuta. Daga saman bene wata murya tana ƙirga a hankali, in ta kai sittin ta koma farko.

"Katako ne, sanyi ke sa shi ƙara," in ji Eilif, bai ɗago ba.

Torunn ta hau. Yarinyar tana zaune jikin bututun hayaƙi, leɓɓanta sun yi shuɗi, hannuwanta duk toka.

Washegari Torunn ta ɗauko tsoho Aslak, mai yi wa marasa lafiya karatu. Ya cire hula, ya daɗe yana karantawa, sannan ya ce, "Wane ne kai?"

Muryar tsoho ce ta fito daga bakin Sunniva. "A bayan murhu nake tun ba a haifi kakar matar nan ba. Suna ajiye mini kunu da man shanu, ni ina tura ɗumi sama wurin yara."

"To me yarinya ta yi maka?"

"Ba don ina jikinta ba, da ta sandare. Mai na'ura ya auna faɗin gidan, murabba'in mita ɗari da goma, ya ce sai guda biyu, sama da ƙasa, dubu arba'in. Mai gidan nan ya ce a rubuta sittin, sama ba kowa. Murhuna kuma ya sayar, ya sayi injin kwalekwale."

Torunn ta juya. "Sama ba kowa, Eilif?"

"Haba Torunn, da bazara zan ƙara ɗaya..."

Shekara goma sha tara da aurensu, Torunn ba ta taɓa neman ganin takardar cinikinsa ba.

"Me za ka karɓa ka fita?" in ji Aslak.

"Murhuna."

"Ya bar ƙasar nan," in ji Eilif.

Can muryar ta ce, "To yarinya ta sauko. Shi ya hau ya kwana inda ba kowa, har rana ta sake leƙo gari. Ranar da ya sauko, na dawo mata."

Sunniva ta yi atishawa sau uku. "Mama, sanyi," ta ce da muryarta.

Yau kwanan Eilif goma a sama, saura mako biyar rana ta fito. Tarinsa yana ratsa katako har falo. Jiya da yamma ya tsaya a kan bene lulluɓe da bargo, ya kira sunanta, ta ci gaba da taje gashin Sunniva.

Ku da kuka ji, ta bar shi a can, ko ya za ta yi?